Na mayar da tsohon littafin Turawa soyayyar ofis a Legas, shin sata na yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe Barista. Ni marubuciya ce mazauniyar Agege, ina kuma aikin karɓar baƙi a wani kamfani a Ikeja. Na kusa kammala wani littafin soyayya da nake sakewa babi-babi a rukunin WhatsApp na masu biyan kuɗi. Na gina labarin ne a kan Pride and Prejudice na Jane Austen, sai dai na mayar da shi wani kamfanin fiton kaya a Apapa, inda jarumin yake shugaban kamfanin kuma ɗan masu kuɗin Ikoyi, jarumar kuma akanta ce 'yar Agege, ta biyu cikin 'yan mata biyar. Asalin littafin ban karanta shi ba, fim ɗinsa na kalla, sannan na karanta wani littafin Turanci na zamani a waya wanda shi ma ya mayar da labarin ofis, kuma daga cikinsa na ɗauko wasu babuka na juya su Hausa. Yanzu wani furodusa ya nemi ya mayar da labarin fim mai dogon zango a YouTube, sai ga wata marubuciya ta rubuta a rukuninmu cewa satar fasaha na yi, har ana iya ɗaure ni. Shugaban ƙungiyarmu ya ce in kwantar da hankalina, domin littafin ya haura shekara 200, kuma duk abin da aka fassara zuwa Hausa aka canza sunaye ya zama na wanda ya fassara. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, ga masu karatu sun riga sun biya. Na haɗo miki babi uku ki duba. Don Allah wane ne mai gaskiya a cikinsu?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki samu ki yi barci, domin a aikace irin wannan rikici yakan fara ne da takardar gargaɗi daga lauya ko neman a sauke rubutu daga intanet, kuma da wuya a kai ga maganar ɗauri a kan marubuciyar da ta janye abin da ta ɗauka da zarar an ankarar da ita. Amma kada ki sa hannu a kan kowace takarda ta furodusan nan tukuna. Maganar shugaban ƙungiyarku rabinta daidai ce, ɗaya rabin kuwa shi ne kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum a wannan aiki, kuma shi ne yake jawo wa marubutanmu asarar kuɗi da ta mutunci.

Rabin da yake daidai shi ne na Jane Austen. Ta fitar da Pride and Prejudice a 1813, ta rasu a 1817. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba rubutun adabi kariya tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Ta kowane lissafi littattafan Austen sun daɗe da zama mallakar kowa, haka ma Jane Eyre na Charlotte Brontë da Wuthering Heights na ƙanwarta Emily, waɗanda suka fito a 1847. Kina da damar ki ɗauki 'yan matan nan biyar da uwarsu mai neman surukai ido rufe da saurayin nan mai girman kai, ki kai su Apapa ko Mile 12 ko inda kika ga dama, ki sayar, ba tare da neman izinin kowa ba. Haka Helen Fielding ta yi a Bridget Jones's Diary a 1996, inda ta kai labarin kamfanin buga littattafai a Landan; haka Gurinder Chadha ta yi a fim ɗin Bride and Prejudice a 2004; haka Uzma Jalaluddin ta yi a Ayesha at Last a 2018, a tsakanin Musulmin Toronto ta Kanada. Wadda ta ce miki gina labari a kan Austen sata ne ba ta san dokar ba.

Sai dai ki lura da abin da ake ƙirgawa. Shekarar rasuwar marubuci ake dubawa, tsufan littafi ba shi ne ma'auni ba, kuma a nan mutane da yawa suke zamewa. Ruwan Bagaja ya fito tun 1934, amma Alhaji Abubakar Imam ya rasu ne a 1981, don haka shi da Magana Jari Ce suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, yana cikin kariya har ƙarshen 2036. Rebecca na Daphne du Maurier, wanda masu rubutun soyayya ke sha'awa ƙwarai, ya fito a 1938, amma marubuciyar ta kai 1989, saboda haka sai ƙarshen 2059. Chinua Achebe kuwa a 2013 ya rasu. Duk wanda ya ce miki littafin da ake karantawa a makaranta tun zamanin iyayenmu ba shi da mai shi, ki tambaye shi shekarar da marubucin ya bar duniya, za ki ga bai ma taɓa tunanin tambayar ba.

Yanzu ga inda matsalarki take. Abin da ya zama na kowa shi ne rubutun da Austen ta yi da hannunta, iyakarsa ke nan. Duk abin da wani ya gina a kansa daga baya, fim ne ko wasan talabijin ko fassara ko sabon littafi, yana da mai shi, kuma lissafin shekarunsa daban yake. Ruwan sama na kowa ne, amma wanda maƙwabciyarki ta tara a durom ɗinta nata ne, ba ki da hujjar ɗiba don kawai daga sama ya sauko. Marubuciyar littafin nan na zamani da kika karanta a waya ta yi daidai aikin da kike son yi: ta ɗauki ƙashin labarin Austen, ta ƙirƙiro ofis da ma'aikata da hirarraki da jerin abubuwan da suka faru. Wannan ƙarin duka nata ne, kuma mai yiwuwa tana raye tana cin abinci da shi. Babukan da kika juya Hausa daga littafinta, ita kika ɗaukar wa, Austen ba ta da hannu a cikinsu.

Batun cewa fassara tana mayar da abu naka, ban san wanda ya fara yaɗa shi a tsakanin marubutan intanet ba, amma ya yi mana ɓarna mai yawa. Dokar ta lissafa abubuwan da mai littafi kaɗai ke da ikon yi ko ba da izinin a yi, kuma fassara da sauya littafi zuwa wani salo suna cikinsu ƙarara. Wato juya littafin mutum zuwa Hausa ba tare da izininsa ba shi ne ainihin laifin da dokar ta ambata da sunansa, amma sai ga shi an mayar da shi hujjar kare kai. Canza suna kuma ba ya wanke komai. Idan kotu ta ajiye littattafan biyu gefe da gefe, abin da za ta duba shi ne ko an kwashi wani muhimmin sashe na aikin farko, kuma muhimmanci a nan ba a auna shi da yawan shafuka kawai. Babi biyu da suke ɗauke da zuciyar labari sun isa. Ko kin mayar da jaruma Zainab, kin mayar da giya zoɓo, kin mayar da dusar ƙanƙara hazo, muddin wannan ya faɗi magana waccan ta ba shi amsa a jere kamar yadda suke a littafin farko, kwafi ne.

Akwai kuma jita-jitar kashi 30 cikin 100, wadda wasu ke cewa kashi 10 ne, wasu 20, gwargwadon wanda ya ba su labari. Wai idan ka canza wannan adadi na littafi ya zama naka. Babu wannan lissafi a dokar Nijeriya, kuma duk wanda ya kawo miki shi ki ce ya nuna miki sashen da aka rubuta shi. Haka nan masu rubuta a saman shafi cewa labarin ba nasu ba ne, godiya ga mai shi, suna ganin sun fita. Ambaton sunan mai abu ladabi ne, amma bai zama izini ba, hasali ma shaida ce da hannunka cewa ka san abin na wani ne. Masu cewa ai kyauta suke sakewa su ma ba su tsira ba, domin rashin karɓar kuɗi ba ya halatta yaɗa littafin mutum gaba ɗaya, balle ke da kike karɓa, kuma kowane alat da ya shigo asusunki yana nan a rubuce.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce wai marubuciyar tana Amurka ko Ingila, ba ta jin Hausa, dokar Nijeriya ba ta san da ita ba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1993, kuma ma'anarta ita ce marubucin wata ƙasa da ke cikin yarjejeniyar yana da kariya a nan kamar ɗan ƙasa, yana iya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, ga ta nan a Ikoyi, ya nemi diyya da umarnin dakatarwa da kuma ribar da aka ci. Maganar rashin jin Hausa kuwa zamaninta ya wuce. Manhajar da wasu ke zuba littafin Turanci a cikinta ta fito musu da Hausa a cikin minti kaɗan, ita ce za ta mayar da Hausarsu Turanci ga duk mai son bincike. Kuma a mafi yawan rigingimun da suka zo gabana, ba Baturiya ce ke gano satar ba. Wata marubuciya ce 'yar'uwa da ta karanta littafin guda a manhaja guda, ko mai karatun da ta biya kuɗi ta ji an yaudare ta, sai a wayi gari an jera hotunan shafuka biyu a Facebook. Ke ma ai ta haka taki ta fara.

Za su ce miki ga masu fassarar finafinan Indiya nan suna yi shekara da shekaru ba a kama kowa ba. Rashin kamawa bai mayar da abu halal ba, kuma wanda ke tura fim a waya a bakin kasuwa ba ya cikin haɗarin da mai ɗora shi a YouTube yake ciki, inda ƙorafi ɗaya ke sauke bidiyo, gargaɗi uku kuma su rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Dokar 2022 ita ma ta kawo tsarin da mai haƙƙi zai aika wa kamfanin intanet sanarwa a sauke abin da aka sata. Za su kuma ce miki Abubakar Imam ma aro ya yi. Gaskiya ne ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, amma su waɗannan biyun sun rasu a 1859 da 1863, sauran kuwa sun girme su da ɗaruruwan shekaru. Daga tsofaffin tushe ya ɗebo, sannan ya sake ƙera labaran har mai karatu ba ya jin ƙamshin wata ƙasa a jikinsu. Wanda ya fassara littafin da aka buga shekaranjiya ya liƙa sunansa ba shi da abin kafa hujja da Imam.

Na karanta babukan da kika aiko, kuma ko ba ki faɗa ba da na gane inda kowanne ya fito. A na farko, shugaban kamfani ya tare jaruma a wurin ajiye motoci ana tafka ruwan sama, ya bayyana mata soyayyarsa suna jiƙe sharkaf. A littafin Austen, babi na 34, wannan magana a cikin ɗaki aka yi ta, a gidan limamin coci da Charlotte, ƙawar jarumar littafin Elizabeth, ta aura, Elizabeth tana zaune ita kaɗai bayan ta ƙi fita saboda ciwon kai, babu ko yayyafi. Ruwan saman na fim ɗin 2005 ne wanda Joe Wright ya ba da umarni, haka ma wurin da jaruminki ya buɗe tafin hannunsa ya sake dunƙulewa bayan ya taimaka mata ta shiga mota. Shi kuma Darcy, jarumin Austen, da ya yi iyo a tafki ya taho da jiƙaƙƙiyar riga, wanda marubuta da dama ke rantsuwa yana cikin littafi, na wasan BBC ne na 1995. Fim yana da kariyar shekara 50 a dokarmu, don haka na 2005 sai ƙarshen 2055. A yi adalci, furta soyayya a cikin ruwan sama ba mallakar kowa ba ce, domin doka ba ta kare tsurar dabara, kuma ba na ganin wannan wuri shi kaɗai zai kai ki kotu. Amma idan furodusa ya ɗauke shi da kyamara daki-daki kamar na fim ɗin, magana ta canza.

Sauran babuka biyun su ne masu nauyi. Ofishin jarumin yana hawa na 40 a Apapa, alhali duk wanda ya taɓa shan cunkoson tireloli a hanyar tashar jiragen ruwa ya san babu wannan bene a can. Jaruma ta tashi aiki ƙarfe biyar, ta sauka ƙarƙashin ƙasa ta hau jirgi, biyar da minti ashirin tana gida a Agege. Ƙanwata, ke da kike bin hanyar Ikeja kullum kin san jirgin Red Line da ke tsayawa a Agege a bisa ƙasa yake tafiya, kuma ba ya zuwa Apapa. Waɗannan alamu ne na rubutun da aka ɗauko daga wani birni aka manta ba a goge sawun ba. Maƙalewa a lifta, ko aika saƙon imel ga wanda bai kamata ba, ko tafiyar aiki da aka samu ɗaki ɗaya kacal a otal, dabaru ne da kowa ke amfani da su a soyayyar ofis. Abin da ba na kowa ba shi ne su zo a jere ɗaya, da hira ɗaya, da barkwanci ɗaya, kuma haka suka zo a naki.

Tunda maganar ta kai nan, bari in ja kunnenki game da 'yan damfarar da ke zagaye da wannan harka. Akwai masu karɓar kuɗin marubuta wai za su yi musu rajistar labari don kada a taɓa su. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta abu, ba ya jiran rajista. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wato NCC, tana da tsarin rajista ta intanet, wanda amfaninsa shi ne ya zama shaidar ranar da ka gabatar da aikinka, kuma marubuci na iya yi da kansa. Takardar ba ta mayar da kayan wani naka, kuma idan kika yi rajistar littafin da ke ɗauke da babukan wata, kin ƙara wa kanki laifin ƙarya ne a kan na farko. Ga kuma lauyoyin WhatsApp, waɗanda iyakar karatunsu saƙon da aka turo musu, amma su ne kan gaba wajen ba da fatawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, littafin da aka kwaso daga Turanci shi ne za ki ga an buɗe shi da manyan baƙaƙe cewa ba a yarda a juya labarin nan ta kowace siga ba, wanda ya fitar da shi waje Allah ya isa. Mai wannan rubutu ta san zafin a ɗauki gumin mutum, tana kuka idan aka tura littafinta rukunin kyauta, amma ba ta ganin wadda ta kwashe wa nata gumin a matsayin mutum, don kawai ba ta san fuskarta ba. Ga mai ganin wannan dokar Nasara ce kawai, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Malamanmu kuma tun da can suna cewa albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita. Kuɗin da aka tara da littafin wata, a sayi abinci da shi a ciyar da iyaye, ya kamata mutum ya tsaya ya tambayi kansa matsayinsa tun kafin lauya ya tambaye shi.

Gyaran yana hannunki, kuma bai kai wahalar da kike tsoro ba. Ki cire duk babin da kika juyo daga littafin nan, ki goge shi daga wayarki don kada ido ya riƙa komawa, sannan ki karanta Austen da kanta. Babi 61 ne, yana nan kyauta a shafin Project Gutenberg, Turancinsa tsoho ne amma yana karantuwa a hankali. Neman izinin fassara daga marubuciyar ko kamfanin da ya buga mata hanya ce ita ma, sai dai dole iznin ya zo a rubuce, kuma a lokacin sunanta ne zai hau littafin, ke mai fassara ce.

Idan kika karanta asalin za ki ga abin da fim ya wuce da sauri, wanda kuma shi ne ke tuƙa labarin. Gidan Bennet, mahaifin su Elizabeth, da gonarsa, masu kawo fam 2,000 a shekara, an ɗaure gadonsu ga namiji, don haka ranar da uban ya mutu ɗan'uwansa Collins ne zai gaje, uwa da 'ya'ya mata biyar su rasa matsuguni. Wannan tsoro ne ya sa uwar take rawar jiki, shi ya sa ƙin auren Collins da ƙin Darcy mai fam 10,000 a shekara da Elizabeth ta yi suka zama jarumta. A gidan Musulmi wannan ba ya aiki, domin aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i sun ba 'ya'ya mata biyu bisa uku idan babu ɗa namiji, matar kuma ɗaya bisa takwas. Ke ce za ki nemo abin da zai maye gurbin wannan tsoro a Legas, kuma yana nan a ƙofar gidanku: gidan haya da mai shi ya ba da notis, uba dillalin shanu a Oko-Oba da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, 'ya ɗaya mai albashi wadda ita ma aikin kwantiragi take yi ana sabunta shi duk shekara. Girman kai da raini kuwa ba sai kin aro ba. Kin san yadda wasu 'yan Arewa ke kallon Bahaushen da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, a ce Hausarsa ta gauraya da Yarbanci, a tambayi asalin kakansa. Gwaggon jaruminki da za ta sauko daga Kano ta zauna a falo ta tambaya 'yar gidan wane ce, ta fi duk abin da za ki fassaro daga wani littafi, kuma babu marubuciyar Amurka da za ta ce nata ne.

Abu ɗaya kuma da masu mayar da wannan labari ofis suke yawan ɓatawa: Darcy ba ubangidan Elizabeth ba ne. Da ta ƙi shi, ba ta rasa abincinta ba, shi ya sa ƙin nata ya fito da ƙarfi kuma amincewarta daga baya ta zama ta son rai. Idan jaruminki shi ke sa hannu a albashinta da sabunta kwantiraginta, to nacin da yake yi ya kusa zama irin ƙorafin da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke saurare, kuma 'yan matan da ke karanta ki a cikin danfo suna kan hanyar ofis sun san bambancin. Ki mayar da ita mai binciken kuɗi da wani kamfani ya turo ta duba littattafansa, ko wakiliyar abokin cinikin da ba zai iya kora ba. Mai son labarin ubangida da ma'aikaciya na gaske, Jane Eyre ya fi dacewa, tunda jarumin, Rochester, shi ne ke biyan Jane fam 30 a shekara, sai dai can ma matarsa ta farko da ya ɓoye ba ta hana Musulmi ƙarin aure, sai in an ce auren rajista ya yi da ita a Ikoyi, wanda doka ba ta yarda a ƙara wata a kansa ba. Kuma kada ki sa sunan kamfanin da kike aiki ko siffar wani oga da abokan aikinki za su gane, domin wannan wata ƙarar ce daban ta ɓata suna.

Masu karatun da suka biya, ki sanar da su cewa kin dakata don sake rubuta wasu babuka, za su samu sabon ba tare da ƙarin kuɗi ba, wadda ba ta yarda ba ki mayar mata da kuɗinta. A shafin farko na sabon ki rubuta cewa an gina labarin a kan Pride and Prejudice na Jane Austen. Wannan yana rufe bakin masu zargi, kuma abin da kika ƙara da kanki ya zama naki da cikakkiyar kariyar doka. Furodusa kuwa, kusan kowace yarjejeniyar fim tana da sakin layin da marubuci ke tabbatar da cewa labarin nasa ne, ya kuma ɗauki nauyin duk asarar da ta biyo baya idan ba haka ba ne, wato da kin sa hannu a kan littafin yadda yake yanzu, ranar da aka rufe masa tasha ke zai bi da kuɗin 'yan wasa da na kyamara. Bayan kin gama gyara, ki ba shi izinin yin fim kawai, na shekarun da aka ƙayyade, a rubuce, littafin da fassararsa da karatunsa na murya su ci gaba da zama naki, a kuma rubuta yadda sunanki zai fito a fim ɗin da ranar da za a biya ki. Kafin alƙalami ma kada ki karɓa sai wani lauya ya karanta takardar a gabanki.